Giɓin turame: haƙoran roba, gada, dashe, ko a bar shi haka?

A Babbar Sallar bara aka kawo soyayyen nama a kwano, kowa ya sa hannu. Kawuna ya ɗauki tsoka ɗaya, ya yi ta juya ta a hannu har hira ta watse, sannan ya miƙa wa jikansa. Na ce, "Kawu, ban ga ka taɓa naman ba." Ya ce, "Ai nama ya fita raina, ɗana." Wannan fa mutum ne da a da ba ya gifta mai tsire bai tsaya ba. Ashe turamensa ne suka ƙare. Na ƙasa a dama duk an cire su ɗaya bayan ɗaya, a hagu saura guda, shi ma yana girgiɗa. Abincinsa ya koma kunu da fura da shayi da burodin da aka tsoma, sai tuwo mai laushi da yake haɗiyewa ba tauna.

Da muka kai shi asibitin haƙori, likita ta shimfiɗa mana hanyoyi huɗu: a bar giɓin yadda yake, a yi masa haƙoran roba da ake sawa a cire, a ɗora gada (haƙorin da ake mannewa a kan maƙwabtan giɓin), ko a yi dashe (a kafa haƙori a kan ƙusa cikin ƙashin muƙamuƙi). Kowacce akwai wanda ta dace da shi, akwai kuma wanda za ta ci wa kuɗi a banza. Abin da na fahimta shi ne yawancinmu da madubi da aljihu muke zaɓa, alhali abin da ya kamata a fara dubawa shi ne haƙora nawa ne suke haɗuwa sama da ƙasa, da kuma lafiyar dasashin da za a ɗora aikin a kai.

Cikakken baligi haƙora 32 gare shi: na gaba 8, fiƙa 4, ƙananan turame 8, manyan turame 12. Na gaba yanka suke yi, fiƙa ta yaga, niƙa kuwa aikin turame ne. Bahaushe bai yi kuskure ba da ya kira su turame, domin turmi sai da taɓarya. Turmin sama in babu abokin karonsa a ƙasa, yana nan dai a baki, amma ba ya daka komai. Shi ya sa za ka ga mai haƙora 24 yana fama da tauna, mai 20 kuma yana cin gyaɗarsa lafiya, saboda nasa sun dace da juna.

Wahalar tauna ba ta tsayawa a baki. Mutum ba ya cewa ba zai iya ba, a hankali yake zame wa abinci: nama, ganda, gyaɗa, aya, gasasshiyar masara, kwaɗon zogale, karas, goba. Abin da ya rage masa mai laushi ne, kuma mai laushinmu galibi gari ne da sukari. Ga mai ciwon sukari wannan koma baya ne kai tsaye, ga tsoho kuma rama ce da raunin jiki, sannan sukarin ya koma ya cinye sauran haƙoran. Wani kuma ya koma tauna da gefe ɗaya shekara da shekaru. Haƙoran da ke maƙwabtaka da giɓi sukan karkato cikinsa, wanda ya rasa abokin karo kuma yakan zazzago, abinci ya sami sababbin lunguna na maƙalewa.

Kafin a kai ga hanyoyi huɗun nan akwai tambayar da ake yawan tsallakewa: me ya zubar da haƙoran tun farko? A wajen manya cuta biyu ce ke kan gaba, kogon haƙori da ciwon dasashi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta mutane kusan biliyan 3.5 na ɗauke da cututtukan baki, kusan biliyan 1 daga ciki ciwon dasashi mai tsanani ne. Na dasashin ya fi mugunta don ba ya zafi. Jini ne kawai a kan asuwaki ko burushi, da ɗan warin baki, ana ganin ba komai, alhali ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori yana zaizayewa. Duk abin da aka gina a kan irin wannan dasashi, ko roba ko gada ko dashe, gini ne a bakin rafi. Don haka aikin farko wankin haƙora ne na asibiti, a kankare dattin da ya daskare ya zama dutse. Mutane da yawa na gudun sa wai yana sassauta haƙora. Abin da ke faruwa shi ne dutsen ne ya toshe gurbin ƙashin da cutar ta riga ta cinye, da aka cire shi sai ɓarnar ta bayyana. Barin sa kuwa ci gaban ɓarnar ne.

Haka nan in turmi na ciwo amma saiwarsa da ƙarfi, a tambayi likita ko za a iya wanke jijiyarsa a cike, a ɗora masa hula, wato murfin da ke rufe kan haƙori, kafin a ce a cire. Cirewa ta fi arha a ranar, ta fi sauri, shi ya sa muke rububin ta. Amma kuɗin maye gurbin haƙori yakan zarce na ceto shi, kuma babu wani haƙorin da ɗan Adam ya ƙera da ya kai na halitta. Turamen kawuna uku a haka suka tafi, duk don ciwon dare ɗaya.

Hanyar da aka fi rainawa ita ce a bar giɓin, kuma ba kullum take zama sakaci ba. A 1981 wani likitan haƙori ɗan ƙasar Holan mai suna Käyser ya nuna cewa mutumin da ya rasa manyan turame, amma haƙoransa na gaba da fiƙa da ƙananan turame suna nan lafiya suna haɗuwa, yakan iya tauna gwargwadon buƙata ba tare da an ƙara masa komai ba. Lissafin ya kama haƙora 20, goma sama goma ƙasa. A 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki riƙe aƙalla haƙora 20 masu aiki har ƙarshen rayuwa a matsayin abin da ake nema, Japan kuwa tun 1989 ta ƙaddamar da gangamin 8020, wato a kai shekara 80 da haƙora 20. Saboda haka dattijon da ya rasa turmin ƙarshe ɗaya ko biyu, yana cin abin da yake so, ba ya jin ciwo a muƙamuƙi, ba dole ba ne a cusa masa roba. Kuɗinsa ya fi amfani a wanki da ciko don tsare ashirin ɗin nan. Sharaɗin dai shi ne sauran su zama masu ƙarfi, kuma likita ya riƙa duba su. In giɓin a tsakiyar layi yake ga matashi, ko ƙananan turamen ma sun fara tafiya, ko mutum ya riga ya daina cin wasu abubuwa, to wannan hanyar ba tasa ba ce.

Haƙoran roba su ne kowa ya sani, su ne mafi arha, kuma a nan na fi son in daɗe, don a nan aka fi yin asara. Kala-kala ne. Akwai na roba zalla, faranti mai launin dasashi da aka dasa wa haƙora. Akwai mai ƙashin ƙarfe, wanda aka zuba daidai bakin mutum, da ƙugiyoyi da 'yan madogarai da ke hawa kan sauran haƙora. Akwai kuma mai lanƙwasuwa, mai daɗin sawa da kyan gani, amma gyaransa da wuya in baki ya canza.

Na roba zalla a kan dasashi yake zaune. Duk lokacin da aka tauna, nauyin kan nama yake sauka, ya lotsa, ya danne gefen sauran haƙoran. Don toshe giɓin gaba, mutum ya yi dariya cikin jama'a ba kunya, yana biyan buƙata, kuma ana gama shi cikin 'yan kwanaki ba tare da an taɓa lafiyayyen haƙori ba. Amma don niƙa nama a turamen ƙasa, musamman in babu haƙori a bayan giɓin da zai tokare shi, rauninsa a fili yake. Yana ɗagawa, abinci na shiga ƙarƙashinsa, ƙwayar gero ɗaya ta isa ta hana mutum sakat. Da yawa sukan sa shi in za su fita, su cire in za su ci abinci, wato an sayi abin tauna ya koma abin ado, daga nan sai cikin durowa. Mai ƙashin ƙarfe ya fi shi nesa ba kusa ba a wannan fage: yana raba nauyin tsakanin haƙora da dasashi, siriri ne, bai cika rufe ganɗa ba, ya fi zama daram. Ya fi tsada, yana buƙatar zuwa asibiti sau da yawa da ƙwararren mai haɗawa, kuma ƙugiyar kan ɗan leƙo in an yi dariya. In tauna ake nema, bambancin kuɗin ya cancanta.

Akwai haɗarin da ya kamata kowa ya ji. Ƙaramin haƙorin roba mai ɗauke da haƙori ɗaya ko biyu, wanda ya saki ko ba shi da ƙugiya, ana haɗiye shi, a barci ko wajen shan magani ko cin abinci. Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa na Nijeriya sun sha ciro irinsa daga maƙoshi, wani lokaci sai da tiyata, kuma robar ba ta fitowa sosai a hoton asibiti, abin da ke jinkirta gano ta. Roba in ta saki a mayar da ita a gyara, kada a lallaɓa, kada kuma a liƙa ta da gam ɗin kasuwa. Kuma ba a kwana da ita. Kwana da haƙoran roba na jawo ƙuraje da jan ganɗa, sannan wani bincike da aka yi a Japan kan tsofaffi 'yan shekara 85 zuwa sama ya gano masu kwana da su sun ninka waɗanda ke cirewa haɗarin kamuwa da ciwon huhu. A cire da dare, a goge da burushi da sabulu, a ajiye cikin ruwa mai tsabta wanda ba zafi ba.

Wanda haƙoransa suka ƙare gaba ɗaya, labarinsa daban ne tsakanin sama da ƙasa. Na sama yakan kama, don yana manne wa ganɗa kamar yadda faranti ke manne wa jiƙaƙƙen tebur. Na ƙasa kuwa ba shi da wurin kamawa sai ɗan siririn tudu, ga harshe na ture shi ta ciki, kumatu ta waje. Ƙarfin cizon mai cikakkun haƙoran roba ana ƙiyasta shi kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na mai haƙoran halitta. Kilishi da rake da goruba sai dai haƙuri. Ƙari a kan haka, ƙashin muƙamuƙi na janyewa bayan an cire haƙori, da sauri a watannin farko, sannan a hankali har ƙarshen rayuwa, kuma na ƙasa ya fi janyewa. Robar da ta zauna daidai bana za ta yi sako-sako nan da 'yan shekaru, sai an ƙara mata ciko ko an sake sabuwa. Mai bushewar baki, ko don ciwon sukari ko don wasu magungunan da yake sha kullum, ya fi shan wahala, domin miyau shi ne gam ɗin roba, shi ne kuma ke haɗa loma ta haɗiyu.

Gada ba a cire ta. Ana feƙe haƙorin da ke gaban giɓin da wanda ke bayansa, a ɗora musu huluna da aka haɗe da haƙorin tsakiya, a manne da siminti. A baki kusan kamar naka take, taunarta ta kusa ta halitta, kuma cikin makonni kaɗan an gama, babu tiyata. Kusan tara cikin goma na gadojin da aka yi da kyau suna nan suna aiki bayan shekara goma. Tsadarta ta gaskiya ba a kuɗi take ba, a haƙora biyun da aka feƙe take, don abin da aka kankare ba ya dawowa. In dama maƙwabtan suna da manyan ciko ko sun fashe suna neman hula, to an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, gada ce zaɓi. In kuwa lafiyayyu ne fes, ni dai ina jin ciwon a taɓa su. Sannan gada sai da ginshiƙi a kowane gefe: wanda giɓinsa ya kai ƙarshen layi ba shi da inda za a kafa ta, doguwar gada a kan haƙora masu girgiɗa kuma tare za su faɗi. Ƙarƙashinta na tara abinci, sai an koyi tsefe shi da zaren haƙori ko ɗan siririn burushi, asuwaki ba ya kaiwa nan. Ruɓewa in ta shiga ƙarƙashin hula ba a ganin ta sai ta yi nisa. (Haƙorin Makka ma hula ce, amma ta ado. Wanda ke da shi ya riƙa kula da bakin hular inda ta haɗu da dasashi, nan ne datti ke zama.)

Dashe shi ne sabon shiga a wajenmu, kodayake ba sabo ba ne a duniya. Wani likita ɗan Suwidin, Brånemark, shi ya gano ƙashi na manne wa ƙarfen titaniyom har su zama abu ɗaya, kuma a 1965 ya dasa wa mutum na farko. Ana huda ƙashin muƙamuƙi a ɗaura ƙusa mai kama da noti, a jira kamar wata uku zuwa shida ta kama, sannan a ɗora haƙori a kai. Fa'idarsa babba ce: ba ya taɓa maƙwabta, ba ya neman ginshiƙi a baya, yana taimakawa wajen riƙe ƙashin wurin, kuma a tauna shi ya fi kusa da na halitta. Fiye da tara cikin goma na ƙusoshin suna kaiwa shekara goma. Amma shi ne mafi tsada da tazara mai yawa, tiyata ce, kuma ba kowane baki ke karɓar sa ba. Sai da isasshen ƙashi, in giɓin ya daɗe wani lokaci sai an ƙara ƙashi tukuna, kuɗi da watanni su ƙaru. Mai shan taba da wanda sukarinsa bai daidaita ba sun fi fuskantar gazawarsa. Mai shan maganin ƙarfafa ƙashi ko na tsinka jini, da wanda aka taɓa yi wa gashin asibiti a muƙamuƙi saboda ciwon daji, dole su gaya wa likita tun kafin a fara. Ƙarfe ba ya kogo, gaskiya ne, amma dasashin da ke kewaye da shi na kamuwa da irin cutar da ta zubar da na farko, kuma wanda ciwon dasashi ya cinye wa haƙora shi ya fi kusa da hakan. Mai tunanin ya dasa ya huta da burushi ya yi kuskure.

Masu fita Masar ko Indiya ko Dubai don yin dashe su riƙe wannan: kowane kamfani da irin notinsa da makullinsa. A karɓo takardar da ta nuna sunan kamfani da lambar ƙusar, in ba haka ba ranar da noti ya kwance a gida za a rasa mai ɗaure shi.

Inda dashe ya fi biyan kuɗinsa, a ganina, shi ne bakin tsohon da ba shi da haƙori ko ɗaya a ƙasa. Ba sai an dasa masa goma sha huɗu ba. Ƙusa biyu a gaban muƙamuƙin ƙasa, a yi robar da ke maƙalewa a kansu kamar maɓalli, ana cirewa a wanke a mayar. A 2002 masana suka taru a Jami'ar McGill da ke Kanada suka amince cewa wannan ya kamata ya zama zaɓin farko ga irin wannan baki. 'Ya'yan da ke haɗa kuɗi don mahaifiyarsu, wadda robarta ta ƙasa ke yawo a baki har ta daina cin abinci a gaban baƙi, su tambayi wannan kafin su sake yi mata roba ta uku.

In aka zo kan mutum ɗaya, zaɓin yakan rage kansa da kansa. Matashi mai giɓi ɗaya tsakanin lafiyayyun haƙora, in da hali dashe, in babu ya sa ƙaramar roba mai ƙugiya ta riƙe wurin har hali ya samu, ya fi ya feƙe biyu. Mai giɓi ɗaya tsakanin haƙoran da suka sha ciko, gada. Mai giɓi da yawa nan da can, roba mai ƙashin ƙarfe ita ce ke toshe su duka da aiki ɗaya. Ko wanne ne, a tabbatar likita ne mai rajista da hukumar likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa ya duba bakin ya ɗauki hoto, ba mai akwati a kasuwa ba. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Maiduguri da Sakkwato duk suna da sashen haƙori, sai dai a shirya wa layi da komawa sau da yawa.

Kawuna gada ba ta yiwu masa ba, babu ginshiƙi a baya. Barin giɓin ma bai yiwu ba, don ƙaramin turmi ɗaya a dama ya bi manyan. Dashe kuma likita ta ce a dakata, gwajin sukarinsa bai yi kyau ba. Ta wanke masa dasashi a zama biyu, ta cire mai girgiɗar, aka jira wurin ya warke, sannan aka auna masa mai ƙashin ƙarfe. Makon farko ya ce min, "Ɗana, wannan abu ai linzami ne." Ta gurje masa dasashi a wuri biyu, muka koma sau uku ana ɗan kankarewa. Likitar ta ce ya fara da alale da ƙwai da kifi da dambun nama, ya riƙa raba loma gefe biyu yana tauna a lokaci ɗaya don kada robar ta ɗaga. Bayan wata biyu na tarar da shi a ƙofar gida da ƙunshin tsire a gabansa, ya sa mai tsiren ya yayyanka masa ƙanana. Kilishin da na kawo masa tsaraba ya ɗaga ya shinshina, ya ce a kai wa yara.